Yadda arzikin Holan ya sauya rayuwar maƙwabtanta a ƙarni na 17

A tsakiyar birnin Amsterdam akwai wani katafaren gini da a yau ake kira Fadar Sarki. An fara gina shi a shekarar 1648 domin ya zama ofishin hukumar birni, kuma yana tsaye ne a kan gumagumai 13,659 da aka kafa cikin laka, saboda ƙasar wurin fadama ce da ba ta iya ɗaukar nauyin dutse.

Holan ba ta da dazukan da za su samar da itace mai yawan haka, daga waje ake kawo mata. Shi ya sa ake da wani tsohon zance cewa Amsterdam a kan Norway take tsaye.

Haka abin yake ga kusan duk abin da birnin ya rayu a kai. Hatsin burodinsa daga Poland yake zuwa, shanun yankansa daga Denmark, ƙarfen bindigoginsa daga Sweden, masu yanka masa ciyawa kuma daga ƙauyukan Jamus.

Mutanen ƙasar ba su kai miliyan biyu ba a lokacin da Faransa ke da kimanin miliyan 20. Duk da haka, kusan tsawon ƙarni guda, kasuwar Amsterdam ce ke tsayar da farashin kaya a arewacin Turai. Maƙwabta duka sun ji a jikinsu, sai dai kowa da irin rabon da ya samu. Wasu sun ƙare a masu kai ɗanyen kaya da ƙarfin damtse, wasu kuma sun kwashi dabarun har suka sha gaban mai gidan.

Antwerp ta fara biyan farashi

Kafin Amsterdam ta yi suna, birnin Antwerp da ke ƙasar Beljiyam ta yanzu shi ne babbar kasuwar yankin. A shekarun 1560 mutanensa sun kai kimanin 100,000. A lokacin, yankin baki ɗaya yana ƙarƙashin Sarkin Sifaniya.

Tawaye ya ɓarke a 1568 kan haraji da addini da ikon garuruwa. Lardunan arewa suka ɓalle, su ne suka zama Jamhuriyar Holan. Na kudu kuwa sojojin Sifaniya suka sake ƙwace su, kuma a 1585 Antwerp ta faɗi bayan doguwar ƙawanya.

An bai wa mabiya ɗariƙar Furotesta shekara huɗu su koma Katolika ko su tattara nasu ya nasu. Cikin 'yan shekaru yawan mutanen birnin ya ragu zuwa ƙasa da rabi. Attajirai da masaƙa da marina da masu tace sukari suka yi arewa, da jarinsu da sana'arsu da abokan cinikinsu na ƙasashen waje.

Masaƙan da suka sauka a Leiden sun mayar da garin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin saƙar ulu a Turai. Amsterdam, wadda ke da mutum kusan 30,000 a lokacin, ta kai kimanin 200,000 kafin shekara 100 ta cika.

'Yan arewa ba su tsaya nan ba. Sun toshe bakin kogin Scheldt, hanyar da ke haɗa Antwerp da teku, kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta 1648 ta tabbatar da rufewar. Sai a 1795 aka sake buɗe kogin sosai, bayan sama da shekara 200.

Hatsin Poland da aikin gandu

Idan ana maganar arzikin Holan, yawanci kamfanin VOC ake fara tunawa, wanda aka kafa a 1602 domin fataucin kayan yaji daga Asiya. Amma su kansu 'yan Holan, cinikin hatsi na Tekun Baltic suke kira uwar fatauci.

Dalili shi ne ƙasarsu mai dausayi ba ta noma isasshen hatsi. Sai suka dogara da alkama da wani danginta da ake kira rai, waɗanda ake gangarowa da su ta kogin Vistula zuwa tashar Danzig, wato Gdansk ta yau. Jiragen Holan na zuwa da gishiri da kifi da yadi da kayan yaji da tsabar azurfa, su komo maƙare da hatsi da katako da kwalta da zaren igiya.

Abin da ya ba su galaba shi ne arahar dako. A wajajen 1595 maƙeran garin Hoorn suka fito da wani jirgin kaya mai suna fluyt, mai faɗin ciki, wanda ma'aikata kaɗan ke iya tafiyar da shi. A daidai lokacin kuma wani mai suna Cornelis Corneliszoon ya ƙirƙiro injin tsaga katako da iska ke juyawa, abin da ya sa ƙera jirgi ya yi sauri da sauƙi.

Duk jirgin da zai shiga Baltic sai ya biya Sarkin Denmark kuɗin fito a mashigin Sound. Littattafan wannan haraji suna nan har yau, kuma sun nuna cewa a shekaru da dama fiye da rabin jiragen da suka wuce na Holan ne.

Tun da hatsi na zuwa da araha, manoman Holan suka koma kiwon shanun madara da yin cuku da man shanu da noman kayan lambu da na masana'antu, waɗanda suka fi kawo kuɗi. Rarar hatsin kuma ana tara ta a rumbunan Amsterdam. Da yunwa ta faɗa wa Italiya a farkon shekarun 1590, jiragen Holan ne suka kai mata hatsin Baltic, suka sayar da tsada.

A Poland kuwa kuɗin hatsin aljihun iyayen ƙasa ya shiga. Su ne ke da manyan gandaye, su ne kuma ke da majalisa. Wata doka ta 1496 ta taƙaita damar talaka ta barin ƙauyensu, wata ta 1520 ta wajabta masa aƙalla yini ɗaya a mako a gandun ubangidansa ba tare da lada ba. Da kasuwa ta ƙara buɗewa, sai kwanakin suka riƙa ƙaruwa zuwa uku ko fiye a wurare da yawa, lokacin da ya rage wa manomi na gayaunarsa ya ƙara tsukewa.

Masana tarihi sun yi saɓani kan girman rawar da cinikin waje ya taka a wannan danniya, domin akasarin hatsin Poland a gida ake cinye shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yadda aka raba ribar. Iyayen ƙasa sun sayi kayan alatu daga waje, attajiran Danzig sun gina gidaje irin na Amsterdam, 'yan Holan sun ci kuɗin dako da na dillanci, masu sana'ar hannu a ƙananan garuruwan Poland kuma sun rasa masu saye, tun da manomin da ke aikin banza ba shi da abin kai wa kasuwa.

Bayan 1650 buƙatar hatsin Baltic ta fara ja baya, yaƙe-yaƙe kuma suka ɗaiɗaita ƙasar. Poland ta wayi gari ba ta da jiragen kasuwanci na kirki ko masana'antun da za ta jingina da su.

Katako, shanu da 'yan ci-rani

A kudancin Norway har yau ana kiran wancan zamani lokacin 'yan Holan. Jirage na shiga ƙananan mashigai su sayi katako kai-tsaye daga hannun manoma. Kuɗi sun shigo ƙauyuka, garuruwan bakin teku sun bunƙasa, amma dazukan itacen oak na gaɓar sun sha sara har hukuma ta riƙa kafa dokokin hana fitar da shi.

Jiragen da suka zo ɗaukar katako kan koma da mutane. Dubban samarin Norway sun shiga aikin jirgin ruwa a Holan, 'yan mata kuma suka yi aikatau a gidajen attajiran Amsterdam.

Daga yankin Jutland na Denmark, dubban bijimai ake korowa kudu kowace bazara ta wani tsohon burtali, wasu a sayar a kasuwar Wedel kusa da Hamburg. Da yawansu a makiyayan Holan ake yi musu kiwon turka kafin a yanka. A nan ma manyan masu filaye da fatake ne suka mamaye cinikin.

Mafi kusa su ne ƙauyukan arewa maso yammacin Jamus, irin su yankunan Osnabruck da Munster da Lippe. Ladan lebura a Holan ya ninka na can, don haka duk shekara talakawa marasa gona kan kama hanya a ƙafa, da laujensu da guzurinsu a baya. Wasu su yanka ciyawar dabbobi, wasu su yi bulo, wasu su haƙo wata baƙar ƙasar fadama da ake busarwa a yi makamashi da ita. Masanin tarihi Jan Lucassen ya ƙiyasta cewa sukan kai kimanin 30,000 a shekara a lokacin da abin ya fi ƙarfi.

Wannan ci-rani ya riƙe gidaje da yawa. Da kuɗin da miji ya komo da su ake biyan hayar gona da haraji, yayin da mata da yara ke kula da shuka. Sai dai aikin cikin ruwa da sanyi ya sa da yawa na komawa gida da zazzaɓi.

Waɗanda suka shiga jiragen VOC sun fi fuskantar haɗari. Tsakanin 1602 da 1795 kusan mutum miliyan ɗaya ne suka tashi zuwa Asiya a jiragen kamfanin, kusan rabinsu baƙi ne, galibi Jamusawa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka dawo Turai.

Sweden ta ci bashi ta samu maƙera

Labarin Sweden ya ɗan sha bamban. Bayan ta sha kashi a hannun Denmark, yarjejeniyar 1613 ta ɗora mata fansar dala miliyan ɗaya ta azurfa kafin a mayar mata da sansanin Alvsborg, ƙofarta ɗaya tilo zuwa tekun yamma. Ta nemi rance a Holan, ta riƙa biya da tagulla.

Ta wannan ƙofa Louis de Geer ya shigo, ɗan asalin Liege da ya yi arziki a Amsterdam. Ya karɓi ma'adinai da maƙeru a Finspang da Norrkoping, ya kwaso ƙwararrun maƙera daga yankinsu na Walloniya tare da iyalansu. Igwa da bindigogin da aka ƙera a can su ne Sarki Gustav Adolf ya shiga Yaƙin Shekara Talatin da su a 1630.

De Geer ya yi ƙarfin da a 1644 ya haɗa rundunar jiragen yaƙi a Holan ya kai wa Sweden ɗauki a kan Denmark. Surukansa, iyalan Trip, sun gina wani gida a Amsterdam da bututun hayaƙinsa ke da siffar bakin igwa, don kada a manta inda kuɗin ya fito.

Riba mai yawa ta tafi Amsterdam, amma maƙeran da iliminsu sun zauna a Sweden. Gwamnatin ƙasar ta kuma matsa a riƙa sarrafa ƙarfe a gida kafin a fitar da shi. A ƙarni na 18 Sweden ta zama cikin manyan masu sayar da sandunan ƙarfe a Turai. Birnin Gothenburg ma, wanda aka kafa a 1621, magina 'yan Holan ne suka tsara shi da magudanan ruwa irin na gida.

Ingila: daga ƙorafi zuwa kwaikwayo

A farkon ƙarni na 17 Ingila na gab da zama wata Poland ta fuskar yadi. Tana saƙa ulu, amma akasari fari take fitarwa. A Holan ake rina shi a gyara, a nan kuma ribar ta fi tsoka. Haka kuma ɗaruruwan jiragen Holan ke kamun kifin herin a kusa da gaɓar Ingila da Scotland, su sa masa gishiri a cikin jirgi su sayar a faɗin Turai.

A 1614 wani attajirin Landan, William Cockayne, ya shawo kan Sarki James na Ɗaya ya hana fitar da yadin da ba a rina ba. 'Yan Holan suka mayar da martani da daina sayen rinannen yadin Ingila. Ingila ba ta da isassun marina ƙwararru, ba ta da hanyar kai kayan kasuwannin Baltic da kanta. Ciniki ya rushe, masaƙa suka rasa aiki, kuma a 1617 aka janye shirin.

Sai aka sauya dabara. Dokar Sufurin Teku ta 1651 ta ce duk kayan da za su shiga Ingila sai dai a jirgin Ingila ko na ƙasar da ta samar da kayan, abin da ya nufi cire 'yan Holan daga tsakiya. Yaƙe-yaƙe uku suka biyo baya tsakanin 1652 da 1674.

A 1667 jiragen Holan suka kutsa kogin Medway, suka ƙona jiragen yaƙin Ingila, suka ja babban jirgin sarki mai suna Royal Charles zuwa gida. Tambarin da ke bayan jirgin yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam har yau. Amma Ingila ta kama ɗaruruwan jiragen kasuwancin Holan a waɗannan yaƙe-yaƙe ta ƙara a nata, ta kuma riƙe garin New Amsterdam, wanda ta sauya wa suna zuwa New York.

Ana yaƙi ana kuma koyo. Injiniya Cornelius Vermuyden, ɗan Holan, shi ya jagoranci janye ruwa daga fadamun gabashin Ingila aka mayar da su gonaki, duk da boren mazauna wurin da suka rasa wuraren su da kiwo.

Babban sauyi ya zo a 1688, lokacin da William na Orange, shugaban Holan kuma mijin 'yar Sarkin Ingila, ya tsallaka da jirage fiye da 400 ya karɓi sarautar ƙasar. Abin da Ingila ta fi buƙata daga Holan shi ne sirrin bashi mai araha. Gwamnatin lardin Holan na cin bashi da ruwan kashi 4 cikin 100, saboda majalisa ce ke lamunce shi da haraji, masu ba da rance kuma sun amince za a biya su.

A 1694 aka kafa Bankin Ingila da rancen fam miliyan 1.2 ga gwamnati a kan ruwan kashi 8 cikin 100, majalisa ta tsaya a matsayin lamuni. Sannu a hankali ruwan ya sauko. A ƙarni na 18 attajiran Amsterdam da kansu suka riƙa zuba kuɗi a takardun bashin Ingila, wato jarin Holan ya taimaka wajen gina rundunar ruwan da ta ƙwace mata kasuwa.

Faransa da Rasha

Jean-Baptiste Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14, ya ɗauki arzikin Holan tamkar abin da aka ɗebe daga aljihun Faransa. Ya ƙara kuɗin fito a kan kayan waje a 1664, ya sake tsawwalawa a 1667. A gefe guda kuma ya jawo masaƙin Holan Josse van Robais da ma'aikatansa zuwa garin Abbeville a 1665 domin su kafa masaƙar yadi mai daraja.

A 1672 Faransa ta mamaye Holan ta ƙasa, Ingila ta far mata ta teku. 'Yan Holan suka buɗe madatsun ruwa suka nutsar da gonakinsu da hannunsu domin tare sojojin Faransa. Jamhuriyar ta tsira, amma daga nan kuɗin tsaro da bashi da haraji suka yi mata katutu.

Sarkin Rasha Peter kuwa da kansa ya zo. A 1697 ya sauka a garin Zaandam da sunan bogi, sannan ya yi kusan wata huɗu yana aikin kafinta a tashar ƙera jiragen VOC a Amsterdam. Ya koma gida da ɗaruruwan ƙwararru, kuma a 1703 ya aza harsashin birnin St Petersburg a bakin Baltic.

Inda lamarin ya taɓo Afirka ta Yamma

Tasirin bai tsaya a Turai ba. Kamfanin Holan na Yammacin Indiya, wanda aka kafa a 1621, ya ƙwace sansanin Elmina da ke Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, ya mayar da shi hedikwatarsa ta cinikin zinariya da bayi. An ƙiyasta cewa jiragen Holan sun kwashi 'yan Afirka kusan 600,000 zuwa nahiyar Amurka. Firaminista Mark Rutte ya nemi gafara kan hakan a Disamban 2022, Sarki Willem-Alexander ya maimaita a Yulin 2023.

Ɗaya daga cikin kayan da ake sayen bayin da su shi ne wuri. Jiragen VOC na ɗauko shi daga tsibiran Maldives ta hanyar Sri Lanka, a yi gwanjonsa a Amsterdam, sannan a kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, kamar yadda Turawan Ingila ke yi ta Landan. Daga gaɓa fatake ke haurawa da shi arewa. Kundin tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce.

Yadda aka ƙare

A ƙarni na 18 Holan ba ta talauce ba, amma ta daina zama dillaliyar kowa. Ƙasashe sun ƙera nasu jiragen, sun kafa shingen haraji, sun riƙa ciniki kai-tsaye ba tare da bi ta rumbunan Amsterdam ba. Masaƙun Leiden suka durƙushe. Yaƙi na huɗu da Ingila tsakanin 1780 da 1784 ya karya ƙashin bayan VOC, aka rushe kamfanin a 1799.

Maƙwabtan da suka fi cin moriya su ne waɗanda ilimin sana'ar ya zauna a ƙasarsu, kuma hukumarsu ta yi tsayin daka sai an sarrafa kaya an yi dakonsu a gida. Ingila ta gwada hakan da gaggawa a 1614 ta faɗi, sai da ta ɗauki shekara 80 tana tara marina da jirage da tsarin bashi. A Poland, masu iko su ne masu cin ribar ɗanyen hatsi, don haka ba su ga dalilin sauya komai ba. A 1795 maƙwabtanta Rasha da Prussia da Austriya suka gama raba ta a tsakaninsu, bisa dalilai da yawa da raunin tattalin arziki ke cikinsu.

Ci-ranin Jamusawa ya ci gaba har ƙarni na 19, lokacin da masana'antun yankin Ruhr da ƙaura zuwa Amurka suka janye 'ya'yan masu laujen. Denmark ta daina karɓar kuɗin fito a mashigin Sound a 1857. Antwerp kuwa sai a 1863 aka fanshi harajin da Holan ke karɓa a kogin Scheldt. A yau ita ce tashar jiragen ruwa ta biyu mafi girma a Turai, tana bin bayan Rotterdam ta Holan.